Shin Ko Kun San? Shari'a da Siyasa a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

Filinmu na wannan mako ya nufi kudancin Jihar Sakkwato, ƙasar Tambuwal da Kebbe. Yanki ne na manoma da makiyaya da 'yan kasuwa, amma duk wanda ya bi tarihinsa zai tarar da abu biyu da ba sa rabuwa a cikinsa, ilimin shari'a da riƙon jama'a. Ga kaɗan daga abin da ya kamata kowane ɗan yankin, da ma kowane ɗan Arewa, ya riƙe.

ƘASAR DA KUJERUNTA

Shin ko kun san cewa ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe kujera ɗaya suke da ita a Majalisar Wakilai ta Tarayya? Mazaɓar Kebbe da Tambuwal ɗaya ce daga cikin mazaɓu 11 na Jihar Sakkwato, a cikin kujeru 360 na ƙasa baki ɗaya. A ƙidayar 2006 an lissafa mutum 224,931 a Tambuwal, 124,658 kuma a Kebbe. Kebbe ta fi faɗin ƙasa, Tambuwal ta fi yawan jama'a, kuma wanda duk ke neman kujerar dole ya taka ƙafa a Dogon Daji da Sanyinna da Jabo, ya kuma leƙa Kuchi da sauran garuruwan Kebbe.

Shin ko kun san cewa ƙananan hukumomi bakwai ne suka haɗu suka zama mazaɓar sanata ta Sakkwato ta Kudu? Su ne Boɗinga, Dange-Shuni, Kebbe, Shagari, Tambuwal, Tureta da Yabo. Tun da aka cire Jihar Kebbi daga Sakkwato a 1991, aka kuma cire Zamfara a 1996, wannan yanki ya koma bakin iyaka. Mutumin Kebbe yau maƙwabcin jihohi biyu ne.

ZAMANIN SHEHU DA 'YA'YANSA

Shin ko kun san cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a wannan yanki kafin ya koma birnin Sakkwato? Bayan ya bar Gwandu wajajen 1810, a Sifawa ya sauka, cikin ƙasar Boɗinga ta yau. Can ya zauna yana karantarwa yana rubuce-rubuce har 1815. Ya rasu a Sakkwato a 1817.

Shin ko kun san cewa a zaman Sifawa ne, a 1812, Shehu ya raba ɗawainiyar mulki? Gabas ya ba ɗansa Muhammadu Bello, yamma ya ba ƙanensa Abdullahi, shi kuma ya koma ga karatu da karantarwa. Wani ɗan nasa, Muhammadu Buhari, yana cikin waɗanda aka danƙa wa kula da sashen kudu, kuma Tambuwal ce ta zama mazauninsa, ribaɗi mai tsaron iyakar Daula. Buhari jarumin fagen fama ne, malami ne kuma da ya yi fice wajen waƙar Larabci. Zuriyarsa ce ake kira Gidan Buhari har gobe.

Shin ko kun san cewa Malam Abdullahin Gwandu ya rubuta littafi sukutum a kan yadda ake mulki da alƙalanci? Sunansa Liya'ul Hukkami. A Kano ya rubuta shi wajajen 1806, lokacin da ya kama hanyar gabas da niyyar aikin hajji, mutanen Kano suka roƙe shi ya tsaya ya bar musu abin da za su yi hukunci da shi. A ciki ya yi bayanin sharuɗɗan shugaba da na alƙali da haƙƙin talakawa a kansu. Shi ma ya yi zama a Boɗinga kafin ya tare a Gwandu.

Shin ko kun san yadda zaman shari'a yake a zauren alƙalin da? Alƙali na zaune a kan buzu ko shimfiɗa, muhutinsa na gefe da tawada da alƙalami, littattafan mazhabar Malikiyya na kusa da hannu: Risala ta Ibn Abi Zaid, Muhtasar na Halil, da Tuhfa ta Ibn Asim. Mai ƙara da wanda ake ƙara su gurfana daidai da juna, babu mai kujera babu mai tabarma. Mai ƙara ne zai kawo shaidu. In ya kasa, a nemi wanda ya musa ya rantse. Kafin a yanke hukunci kuma sai alƙali ya tambayi wanda hukuncin zai hau kansa ko yana da sauran magana. Wannan tambaya ta ƙarshe ita malamai ke kira i'izari, kuma har yau kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a takan rushe hukunci saboda an tsallake ta.

DOGON DAJI DA ALƘALIN ALƘALAI

Shin ko kun san cewa wata makarantar elemantare a ƙasar Tambuwal ta haɗa yara biyu, ɗaya ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa, ɗayan ya zama Sarkin Musulmi? Makarantar Dogon Daji ce, yaran kuwa su ne Abubakar Mahmud Gumi da Ibrahim Dasuki.

Shin ko kun san cewa Sheikh Abubakar Gumi ɗan alƙali ne? Mahaifinsa, Malam Mahmud, alƙali ne a Gummi, maƙwabciyar Kebbe. Daga Dogon Daji ya wuce Midil ta Sakkwato, sannan Makarantar Shari'a ta Kano, daga baya ya ƙaro ilimi a Bakht er-Ruda ta ƙasar Sudan. A 1960 ya zama Mataimakin Alƙalin Alƙalai, a 1962 ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa gaba ɗaya. Shi ya fassara ma'anonin Alƙur'ani zuwa Hausa, aka ba shi lambar yabo ta Sarki Faisal a 1987. Ya rasu a 1992.

Shin ko kun san cewa Ibrahim Dasuki shi ne ɗan Gidan Buhari na farko da ya hau gadon sarautar Sarkin Musulmi? An haife shi a Dogon Daji a ƙarshen 1923, ɗan Sarkin Yamma Haliru. Ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello sakatare, ya riƙe sarautar Baraden Sakkwato, ya shugabanci kwamitin duba tsarin ƙananan hukumomi na Najeriya a 1984. Shi ne Sarkin Musulmi na 18, daga 1988 zuwa 1996. Ya rasu a 2016.

Shin ko kun san cewa Turawa ba su rushe kotunan alƙalai ba da suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903? Sun bar su suna aiki a ƙarƙashin En'e, amma suka hana wasu hukunce-hukuncen haddi, suka kuma ba Razdan ikon duba shari'a ya soke ta. Alƙali ya zama ma'aikacin En'e mai karɓar albashi daga baitulmali.

Shin ko kun san cewa wani alƙalin Sudan ne ya jagoranci tsara dokar laifuka da Arewa ta shiga mulkin kai da ita? A 1958 gwamnatin Sardauna ta kafa kwamitin masana a ƙarƙashin Sayyid Muhammad Abu Rannat, Alƙalin Alƙalan Sudan. A cikinsa akwai Mai Shari'a Muhammad Sharif daga Pakistan, da Farfesa Anderson daga Landan, da Shettima Kashim na Borno. Shawararsu ce ta haifar da kundin dokar laifukan, wato final kot, wanda ya fara aiki a 1960, tare da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a.

Shin ko kun san cewa sai a 1968 aka raba alƙali da En'e? A zamanin mulkin soja ne aka mayar da kotunan alƙalai ƙarƙashin gwamnatin jiha, aka kira su kotunan yanki, aka kuma soke kotunan sarakuna. A 2000, zamanin Gwamna Attahiru Bafarawa, Jihar Sakkwato ta dawo da shari'ar Musulunci a ɓangaren laifuka.

INA MUKA SAMO MAJALISAR DATTAWA?

Shin ko kun san dalilin da ya sa Sakkwato ke da sanatoci uku, daidai da Kano da Legas duk da sun fi ta jama'a? Tsarin daga Amurka ya taso. A taron tsara kundin mulkinsu a Filadelfiya a 1787, manyan jihohi sun ce a raba kujeru bisa yawan jama'a, ƙanana suka ce sai dai daidai wa daida. Wakilan Jihar Konetikat suka kawo sulhu: majalisa ɗaya bisa yawan mutane, ɗaya kuma kowace jiha kujeru daidai. Su biyu-biyu suke bayarwa. Mu uku-uku muke bayarwa ga jihohi 36, Abuja ta samu ɗaya, jimla 109.

Shin ko kun san cewa ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙulla wannan sulhu ya yi alƙali, ya yi sanata, ya sake komawa alƙalanci? Shi ne Oliver Ellsworth. Alƙali ne a babbar kotun Konetikat, ya zama sanata a 1789, kuma shi ne kan gaba wajen rubuta dokar da ta kafa kotunan tarayyar Amurka a wannan shekarar. A 1796 Shugaba George Washington ya naɗa shi Alƙalin Alƙalan ƙasar, ya riƙe har 1800. A Najeriyar yau alƙali mai ci ba ya shiga jam'iyya, kuma wanda ya bar kujerar babban alƙalanci ba ya sake tsayawa gaban kotu a matsayin lauya. Shi ya sa hanyar da aka fi bi daga shari'a zuwa majalisa a wurinmu ita ce ta lauyoyi.

Shin ko kun san cewa a Jamhuriya ta Farko ba talakawa ke zaɓen sanata kai tsaye ba? Gwamnatocin jihohi ne ke tura su. Sai da kundin 1979 ya ɗauko tsarin shugaba mai cikakken iko irin na Amurka sannan aka fara jefa wa sanata ƙuri'a. A lokacin jihohi 19 ne, kowace na da sanatoci biyar, jimla 95.

Shin ko kun san cewa Alhaji Shehu Shagari, ɗan wannan yanki, kujerar sanata ya so nema a 1979? Abokan siyasarsa ne suka matsa masa ya tsaya takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar NPN. Tsohon malamin makaranta ne, ya shiga Majalisar Wakilai tun 1954, yana kuma cikin majalisar da ta tattauna kundin 1979.

Shin ko kun san cewa sai da Kotun Ƙoli ta yi lissafi kafin a rantsar da shi? Doka ta ce wanda zai ci sai ya samu kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohi. Shagari ya samu a jihohi 12, a Kano kuwa ya tsaya a kusan kashi 20 cikin ɗari. Abokin takararsa, Cif Obafemi Awolowo, ya ce kashi biyu bisa uku na 19 shi ne 13. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce 12 ne da biyu bisa uku. Ranar 26 ga Satumba 1979 kotu ta ba Shagari gaskiya, Mai Shari'a Kayode Eso ya saɓa wa 'yan uwansa, aka rantsar da Shagari, Turakin Sakkwato, ranar 1 ga Oktoba.

LAUYA DAGA GIDAN WAZIRI

Shin ko kun san cewa Aminu Waziri Tambuwal horon malanta ya fara samu kafin lauyanci? An haife shi a garin Tambuwal ranar 10 ga Janairu 1966. Ya gama firamare a garinsu a 1979, ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Dogon Daji ya fito da takardar malanta mai daraja ta biyu a 1984. Daga nan ya karanci shari'a a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya gama a 1991, ya tafi Makarantar Horon Lauyoyi ta Legas, ya zama cikakken lauya a 1992.

Shin ko kun san cewa a Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya ya fara koyon neman ƙuri'a? Ya riƙe muƙamai a reshenta na Sakkwato, har ya kai ga zama mataimakin sakatare a matakin ƙasa. A 1999 kuma ya shiga majalisa ta ƙofar hidima, a matsayin mai taimaka wa Sanata Abdallah Wali na Sakkwato ta Kudu kan harkokin dokoki. Bayan shekara 16, su biyun ne suka kara a zaɓen gwamna.

Shin ko kun san cewa sau uku a jere mutanen Kebbe da Tambuwal suka tura shi Majalisar Wakilai? A 2003 ya ci a jam'iyyar ANPP, a 2005 ya zama shugaban marasa rinjaye. Gab da zaɓen 2007 ya ɗan ratsa ta DPP, daga ƙarshe ya bi Aliyu Magatakarda Wamakko zuwa PDP, ya ci zaɓe, ya zama mataimakin bulaliyar majalisa. A 2011 ya sake dawowa.

Shin ko kun san cewa ya zama Kakakin Majalisa ba da son jam'iyyarsa ba? PDP ta keɓe kujerar ga yankin Kudu maso Yamma, ta tsayar da Mulikat Akande-Adeola daga Oyo. Amma sashe na 50 na kundin tsarin mulki cewa ya yi 'yan majalisa su zaɓi shugabansu daga cikinsu, bai ambaci umarnin jam'iyya ba. Ranar 6 ga Yuni 2011 'yan PDP da yawa suka haɗa kai da 'yan adawa, Tambuwal ya samu ƙuri'u 252, abokiyar takararsa 90. Emeka Ihedioha daga Imo ya zama mataimakinsa.

Shin ko kun san cewa majalisarsa ta taɓa zama ranar Lahadi? Ranar 1 ga Janairu 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga naira 65 zuwa kusan 141, ƙasa ta ɗauki zafi. Ranar Lahadi 8 ga wata 'yan majalisa suka katse hutu, suka nemi a dakatar da matakin. Bayan yajin aiki da zanga-zanga aka tsaya a naira 97. Kwamitin da majalisar ta kafa ya gano cewa an kashe sama da naira tiriliyan 2.5 a kan tallafin a 2011, alhali naira biliyan 245 aka ware a kasafi. Abin takaici, shugaban kwamitin, Farouk Lawan, shi ma kotu ta same shi da laifin karɓar cin hanci a 2021, lamarin da ya dusashe aikin da talakawa suka sa wa rai.

Shin ko kun san cewa a rana ɗaya aka taɓa zama a mazaɓu 360 don jin ra'ayin jama'a kan gyaran kundin mulki? Ranar 10 ga Nuwamba 2012 ke nan. Kowane ɗan majalisa ya koma gida, aka karanta wa mutane tambayoyi suna ɗaga hannu. Gyaran da ya biyo baya bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba a 2015.

Shin ko kun san ranar da 'yan majalisa suka haura ƙofa? Ranar 28 ga Oktoba 2014 Tambuwal ya sanar da sauya sheƙa zuwa APC. Cikin kwana biyu Sufeto Janar Suleiman Abba ya janye 'yan sandan da ke gadinsa, yana kafa hujja da sashe na 68, wanda ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyarsa ya rasa kujera, sai fa in jam'iyyar ta rabu. Lauyoyi da dama suka ce fassara wannan sashe aikin kotu ne. Ranar 20 ga Nuwamba majalisa ta taru don duba buƙatar tsawaita dokar ta-ɓaci a Adamawa da Borno da Yobe, sai aka tarar 'yan sanda sun garƙame ƙofa. Manyan mutane masu furfura suka naɗe babbar riga a kafaɗa, suka kama ƙarfen ƙofa suna hawa, wani hularsa ta faɗi, wani takalminsa ya saɓule, na ƙasa na tura na sama. Da aka samu shiga, suka kewaye Kakaki suka raka shi har zaure, barkonon tsohuwa na tashi a harabar, ana toshe hanci da hankici. Shugaban Majalisar Dattawa David Mark ya rufe majalisun biyu zuwa mako na gaba. Tambuwal ya ƙarasa wa'adinsa a kan kujerar.

Shin ko kun san cewa tsofaffin Kakakin Majalisa biyu aka rantsar a matsayin gwamnoni rana ɗaya, kuma duka sunansu Aminu? Ranar 29 ga Mayu 2015 Aminu Waziri Tambuwal ya karɓi Sakkwato, Aminu Bello Masari, wanda ya yi Kakaki daga 2003 zuwa 2007, ya karɓi Katsina. A Amurka ma an yi irin haka: lauya James Polk ya sauka daga Kakaki a 1839 ya zama gwamnan Tenesi, daga baya ya zama shugaban ƙasa a 1845.

Shin ko kun san cewa sau biyu ya nemi tikitin shugaban ƙasa a PDP? Ya koma jam'iyyar ranar 1 ga Agusta 2018. A zaɓen fid da gwani na Fatakwal a watan Oktoba ya zo na biyu da ƙuri'u 693, Atiku Abubakar ya samu 1,532. A na Abuja, ranar 28 ga Mayu 2022, ya hau mumbari ya janye wa Atiku gab da fara jefa ƙuri'a, Atiku ya samu 371, Nyesom Wike 237. Masoyansa na ganin wannan da sauye-sauyen jam'iyyar da ya yi a matsayin iya karanta lokaci. Masu sukarsa na cewa yawan sauya sheƙa na raunana jam'iyyu, yana kuma rikita talakan da ya yi zaɓe don alama. Kowane ɓangare na da hujjar da ya kamata a saurara.

Shin ko kun san cewa a 2023 ya cika zagayen, ya zama sanata? An yi zaɓe a Fabrairu bai kammala ba, aka ƙarasa ranar 15 ga Afrilu, ya doke sanata mai ci, Ibrahim Abdullahi Ɗanbaba, da ratar da ba ta kai ƙuri'u 3,000 ba. A shekarar kuma Ahmed Aliyu na APC, wanda ya yi masa mataimaki daga 2015 zuwa 2018, ya gaje shi a gidan gwamnati.

ƘURI'A DA KOTU

Shin ko kun san cewa ƙuri'u 342 kacal suka raba gardamar gwamnan Sakkwato a 2019? A zagayen 9 ga Maris ratar ba ta kai yawan ƙuri'un da aka soke ba, hukumar zaɓe ta ce zaɓe bai kammala ba. Aka ƙarasa ranar 23 ga Maris, idon jiha gaba ɗaya ya koma kan Kebbe, inda rumfuna da yawa suka sake zaɓe. Mutane suka kwana da rediyo a kunne, ejan-ejan na riƙe da takardun sakamako suna lissafi da biro a bayan kwali. Da aka tattara, Tambuwal na da 512,002, Ahmed Aliyu 511,660. In aka raba ratar ga ƙananan hukumomi 23, ba ta kai mutum 15 a kowace ɗaya ba. Da mutum 172 sun sauya ra'ayi, da wani ne gwamna.

Shin ko kun san cewa kwana shida ne tsakanin hukuncin tsohon Kakaki da na tsohon mataimakinsa? Ranar 14 ga Janairu 2020 Kotun Ƙoli ta sauke Emeka Ihedioha daga gwamnan Imo. Ranar 20 ga wata ta tabbatar wa Tambuwal kujerarsa.

Shin ko kun san cewa wani lauya ɗan Tambuwal ya riga shi zama sanata? Umaru Ɗahiru ya wakilci Sakkwato ta Kudu daga 2003 zuwa 2015, ya kuma shugabanci kwamitin Majalisar Dattawa kan harkokin shari'a da haƙƙin ɗan Adam. Ya nemi tikitin gwamna na APC a 2014, bai gamsu da yadda aka yi zaɓen fid da gwani ba, ya kai ƙara har Kotun Ƙoli. 'Yan gari ɗaya, lauyoyi biyu, suka bar wa alƙalai hukunci.

Shin ko kun san cewa kotu ta taɓa sauya sanatan yankin bayan an rantsar da shi? A 2019 Abubakar Shehu Tambuwal na APC aka bayyana ya ci, daga baya Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce Ɗanbaba ne halastaccen sanata. Shari'ar zaɓen 'yan majalisa a wannan kotu take ƙarewa. Ta gwamna da ta shugaban ƙasa ce ke kai wa Kotun Ƙoli.

Shin ko kun san cewa ƙarar zaɓe tana da agogo? Kwana 21 ake ba mai ƙorafi ya shigar da ƙara bayan bayyana sakamako, kotun zaɓe na da kwana 180 ta yanke hukunci, kotun ɗaukaka ƙara kwana 60. Wanda ya makara da kwana ɗaya, ko da gaskiyarsa ta kai tsaunin Kwatarkwashi girma, ya rasa.

Shin ko kun san cewa kuna da ikon yi wa wakilinku kiranye? Sashe na 69 ya ce in fiye da rabin masu rajista a mazaɓa suka sa hannu cewa sun yanke ƙauna daga gare shi, hukumar zaɓe za ta tantance, ta shirya ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90.

Shin ko kun san cewa ɗan shekara 25 na iya neman kujerar Kebbe da Tambuwal? Gyaran da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 31 ga Mayu 2018 ya rage shekarun takarar Majalisar Wakilai daga 30 zuwa 25. Ta sanata da ta gwamna suna nan a 35.

Shin ko kun san cewa almajirin fiƙihu na da gurbi har a manyan kotunan tarayya? Kundin mulki ya wajabta a samu aƙalla alƙalai uku masana shari'ar Musulunci a Kotun Ɗaukaka Ƙara, ya kuma ce a kula da samun irinsu a Kotun Ƙoli.

Jama'a, duk waɗanda muka ambata a yau, daga Malam Abdullahi zuwa sanatocin zamaninmu, karatu ne ya kai su inda suka kai. Sanin doka ba gadon gidan sarauta ba ne, kuma mai noman shinkafa a fadamar Kuchi yana da buƙatarsa kamar yadda lauya a Abuja yake da ita, domin da shi zai kare gonarsa, da shi zai tambayi wakilinsa abin da ya yi da amanar da aka ba shi. Mu tura 'ya'yanmu maza da mata su karanci shari'a, ta Musulunci da ta zamani. Mu karɓi katin zaɓe, mu fito ranar ƙuri'a, mu tsaya har a ƙirga. In wa'adi ya cika kuma, mu auna kowa da aikinsa, ko ɗan garinmu ne. Allah Ya ba mu shugabanni masu adalci da alƙalai masu tsoronSa.